Katin masu jinyar soja na zamanin yaƙi: a sayar ko a riƙe?

Mai Tara Takardu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Da izinin shugabannin wannan zaure ina da cigiya. Na daɗe ina tara tsofaffin takardun soja, amma na fi ba da ƙarfi ga takardun shaidar ma'aikatan jinya, wato likitocin soja da nas-nas da diresoshi da masu ɗauko waɗanda aka raunata a fagen daga. Ina neman katin shaida mai alamar Red Cross, ko littafin albashi da sashen lafiya ya buga wa hatimi, ko farin ƙyallen nan da suke ɗaurawa a damtse. Na Yaƙin Duniya na Biyu na fi so, sai na Kongo da na yaƙin basasa. Kaduna garin soja ne tun zamanin Gwamna Lugga, kuma na tabbata akwai irin waɗannan a ƙasan adaka a gidaje da yawa, daga Kawo har Kakuri, gara na ta ci. Duk mai shi ya yi mini magana ta gefe. Ina saye, kuma ba na yi wa kaya tayin wulaƙanci.

Jikar Diresa:
Wa alaikumus salam. Malam, irin abin da kake cigiya yana ɗakin mahaifiyata a Tudun Nupawa yanzu haka. Kakanmu diresa ne, da shi aka je Burma a yaƙin Hitila. Ya bar ɗan littafi mai bango ruwan ƙasa wanda gefensa ya cinye, da takardar sallama, da lambobin yabo uku da zarensu ya koɗe, da wani farin ƙyalle mai jar alama a tsakiya. Tsufa ya rine ƙyallen, kuma a bayansa akwai hatimi da tawada ruwan shuni, rubutun ya dushe amma da'irar tana nan. Sai dai kalmar nan "ina saye" ta tsaya mini a rai. Mutumin nan ya ƙetare teku da littafin a aljihun ƙirjinsa, ya dawo da shi, ya adana shi har ya bar duniya. Nawa za ka taya?

Mai Tara Takardu:
Hajiya, Allah Ya jiƙansa, ban nufi raina shi ba. Ku kun san darajar abin da ke hannunku. Gidaje nawa ne suka sani?

Ɗan Panteka:
A nan ina bayan Malam. Mu 'yan gwangwan mu ke ganin abin da ke faruwa. Tsoho zai rasu, a raba gado, a kira yaran jari-bola su ɗora tsohuwar adakar ƙarfe a sikeli. Takardun ciki kuwa a zazzage su a bola, ko mai ƙosai ta samu na ƙunshi. Da idona na ga hoton wani soja da jar dara a cikin kwata, ruwa ya jiƙa shi har fuskar ta goge, ba wanda zai sake sanin ko wane ne. Wanda zai sa kuɗinsa ya ɗauka ya adana ai taimako ya yi. Da babu gara ba daɗi.

Baba Samanja:
Ku dakata da maganar ciniki tukuna, 'ya'yana, ku fara sanin mene ne abin. A sashen lafiya na soja na yi aikina har na yi ritaya, da mu aka je Laberiya lokacin ECOMOG.

Katin mai jinya ba ɗaya yake da na sauran sojoji ba. Na kowa yana faɗin ko kai wane ne. Namu yana ƙarawa da cewa wannan mutum ba mayaƙi ba ne, kada a harbe shi, kada a hana shi aikinsa. In abokan gaba suka kama soja mai bindiga, fursunan yaƙi ne, yana hannunsu har a gama. In suka kama mai jinya da katinsa, doka ba ta kiransa fursuna. Za su riƙe shi ne kawai in akwai fursunonin da ke bukatar magani, ya ci gaba da duba su. In babu bukata, a mayar da shi wajen mutanensa. Kuma ba su da ikon ƙwace katin ko ƙyallen daga hannunsa.

Shi ƙyallen a damtsen hagu ake ɗaura shi, kuma hatimin nan da 'yata ta gani a bayansa shi ne ransa. Kowane tela a Kasuwar Barci zai iya ɗinka farin ƙyalle da jar alama. Hatimin hukumar soja ne ke nuna gwamnati ce ta ba ka, ita ce ta tsaya maka. 'Yata, kada ku kuskura ku wanke shi da sunan ya yi datti.

Ɗan Rigasa:
Baba, barka da hutawa. Ke nan ku ba kwa riƙe bindiga ko kaɗan?

Baba Samanja:
An yarda mu riƙe ƙaramin makami don kare kanmu da majinyatan da ke hannunmu. Ranar da ka ɗaura ƙyallen ka je kai hari, ko ka ɓoye harsasai a motar ɗaukar marasa lafiya, ka zubar da kariyarka, kuma ka jawo wa duk wani mai jinya da zai zo bayanka.

Barista:
Baba ya faɗi aikin, bari in ƙara da tushen dokar, domin zai taimaka wa mai tarawa da mai gado duka.

Abin ya samo asali ne daga yaƙin Solferino a Italiya a 1859, inda Henry Dunant, ɗan ƙasar Siwizalan, ya ga dubban masu rauni yashe ba mai duba su. Yarjejeniyar Geneva ta farko ta biyo baya a 1864, ita ce ta zo da farin ƙyalle mai jar alama. An sabunta ta a 1906, aka sake a 1929. Ta 1929 ɗin ce ke aiki lokacin da kakan Hajiya ya je Burma. Sashe na 21 nata ya ce a ba ma'aikacin jinya shaida, ko dai a rubuta a cikin littafin albashinsa, ko a ba shi takarda ta musamman. Hoto kuwa an wajabta shi ne ga 'yan agajin da ba su da kakin soja.

Bayan an ga abin da yaƙin ya yi, sai yarjejeniyar 12 ga Agusta 1949 ta tsaurara. Sashe na 40 ya ce dole a yi kati na musamman mai alamar, wanda ruwa ba ya lalatawa, daidai aljihu, a rubuta shi da harshen ƙasar. A sa suna, ranar haihuwa, muƙami da lambar soja, da matsayin da ya sa mutum ya cancanci kariya. A manna hoto, a sa hannu ko a dangwala yatsa ko duka biyun, sannan a danna masa hatimin hukumar soja mai tasowa. In da hali a yi biyu, ɗaya ya zauna a gida. Najeriya ta shigar da waɗannan yarjejeniyoyi cikin dokokinta tun 1960.

Saboda haka, Hajiya, kada ki ce ai ba ku da kati, littafi kawai kuka gani. Ki buɗe shafukan a hankali. A zamanin kakanki rubutu da hatimi a cikin littafin sun wadatar a matsayin shaida.

Mai Tara Takardu:
Barista ka taɓo inda ake cutar mutane. Wani dillali ya taɓa kawo mini kati ya ce na 1944 ne, an yi masa laminatin yana ta sheƙi, an cike shi da biro. Biro bai bazu a duniya ba sai bayan an gama yaƙin. Takardun wancan lokaci da alƙalamin tawada ko tafireta ake cike su. Wata dabarar kuma: fitilar nan da ake duba jabun kuɗi da ita, ka haska takardar a cikin duhu. Takardar zamani tana ƙyalli fari fat mai shuɗi-shuɗi, saboda sinadarin ƙara haske da masana'antu suka riƙa zubawa daga shekarun 1950. Tsohuwa kuwa dishi-dishi take zama. Sai ka duba hatimin da ke kan hoto: rabi a kan hoton, rabi a kan takardar, kuma dole da'irar ta haɗu. In ta goce, an canja hoto. Ko tsatsar filin da aka maƙala hoton da shi tana magana, domin ta gaske tana cin takardar ta ɓullo ta baya.

Akwai kuma bambancin ƙyalle. A rundunar Ingila, sojan bataliya da aka ware don ɗauko masu rauni yakan ɗaura mai haruffa SB ne. Mai jar alama da hatimi na cikakken ma'aikacin lafiya ne. Ke nan kakan Hajiya ba ɗan taya aiki ba ne, jinyar ce aikinsa. Kowace ƙasa da salon littafinta, Ingila suna da AB 64, Jamus suna da Soldbuch, kuma masu tarawa a Turai sun yi nazarin waɗannan shafi-shafi. Namu na Afirka ta Yamma ne ba a kula da su yadda ya kamata ba, abin da ke ci mini rai ke nan.

Malamin Tarihi:
Malam, wannan magana ta ƙarshe ita ce ta shigo da ni. Ina koyarwa a sakandare, kuma in na tambayi ɗalibai me ya sa ake kiran barikin Kawo da Dalet, ko me sunan barikin Kalapanzin ke nufi, sai a yi tsit. Sunayen wurare ne a Burma inda kakanninmu suka yi yaƙi. Haka barikin Myohaung da Arakan a Legas, da Letmauk a Ibadan. Barikin Chindit a Zariya kuwa sunan wasu dakaru na musamman ne da suka yi yaƙi a Burma. Muna wucewa ta gabansu a Keke Napep kullum.

A 1943 aka kafa runduna ta 81 da ta 82 na sojojin Afirka ta Yamma, daga Najeriya da Gana ta yanzu da Saliyo da Gambiya. Tambarin ta 81 baƙin gizo-gizo ne, na ta 82 kuwa mashi biyu ne da suka gitta juna a cikin gammo, don tunawa da 'yan dakon da suka ɗauki kayan yaƙi a ka cikin dajin da mota ba ta shiga. Hajiya, in kin ga ɗayan waɗannan a cikin adakar, kin san rundunarsa. Bataliya uku na Najeriya, ta 6 da ta 7 da ta 12, su kuma da dakarun Chindit suka shiga can bayan sahun Japanawa a 1944. Kafin Burma ma sojojinmu sun yaƙi Italiya a Somaliya da Habasha a 1941.

A irin wannan daji mai jinya shi ne komai. Zazzaɓin cizon sauro da atini da gyambo sun kwantar da sojoji fiye da yadda harsashi ya kwantar. Akwai labarin Isaac Fadoyebo, yaro daga yankin Owo da ya shiga soja yana ɗan shekara 16, ya zama mai jinya a runduna ta 81. A watan Maris na 1944 Japanawa suka buɗe wa ayarinsu na ma'aikatan lafiya wuta a bakin kogin Kaladan. Aka harbe shi a ƙafa, aka bar shi a kan ya mutu. Wani Musulmi manomi mai suna Shuyiman ne ya ɓoye shi tare da David Kargbo ɗan Saliyo, yana ciyar da su wajen wata tara har aka ceto su. Fadoyebo ya rayu har 2012, kuma mun san labarinsa ne don ya zauna ya rubuta. Na arewa da yawa ba su yi boko ba, ba su bar rubutu ba. Ɗan littafin nan da takardar sallama su ne kaɗai wurin da aka rubuta sunansu.

Maman Ilham:
Malam, labarin nan da ka kawo shi ne ya sa ni ban ɗauki katin da girman da kuke ba shi ba. Ni nas ce. Ina katin Fadoyebo yake lokacin da aka harbe shi? Me ya tsare masa? Kuma ba sai mun je Burma ba. Saifura Khorsa da Hauwa Liman ungozomomi ne da ke aiki da Red Cross a Rann, aka sace su a Maris na 2018, aka kashe su a cikin shekarar. Duk duniya ta san aikin jinya suke yi. Duk lokacin da na tuna su sai jikina ya yi sanyi, domin 'yan uwan aikina ne, kuma matasa ne. Takarda ba ta tare harsashi.

Baba Samanja:
Allah Ya jiƙansu. Gaskiya kika faɗa, 'yata, ba ta tarewa. A Laberiya mun haɗu da yara masu bindiga waɗanda ba su taɓa jin sunan Geneva ba. Katin alkawari ne tsakanin ɓangare biyu, in ɗaya bai yarda ba sai Allah. Amma ki duba ta ɗaya gefen. Saboda akwai wannan alkawari a rubuce ne ya sa kashe su ya zama laifin yaƙi da za a iya tuhumar mutum a kai ko bayan shekara nawa. Kuma katin yana ɗaure mai riƙe da shi. Ranar da aka kawo maka wanda ya harbi abokinka ɗazu, jini na zuba, dole ka ɗinke shi kamar naka, kuma wanda ya fi jin ciwo shi za ka fara dubawa ko na wane ɓangare ne. Wannan ya fi komai wuya a aikin, na gani da idona. Shi ya sa in na ga tsohon katin wani, mutumin da ya ɗauki wannan nauyi nake gani.

Malamin Tarihi:
Kuma Japan ta amince da yarjejeniyar 1929 ta masu rauni da marasa lafiya, ta fursunoni ce ba ta tabbatar ba. Duk da haka an yi kisan gilla a asibitin Alexandra na Singafo a Fabrairun 1942, aka sake a wani asibitin fagen daga a yankin Arakan a Fabrairun 1944, inda aka kashe likitoci da majinyata. 

Ɗan Rigasa:
Ni tambayata daban ce, kuma ba da wata manufa ba. Yawancin waɗannan kakanni Musulmi ne. Yaya aka yi suka ɗaura alamar gicciye a hannu? Kuma ya halatta mutum ya ajiye ta a ɗaki?

Baban Joy:
Ɗan'uwa, ni Kirista ne daga Barnawa, kuma ko mu ba mu ɗauke ta alamar coci ba. Tutar Siwizalan ce aka juya launinta, tasu ja ce da farar alama, wannan fara ce da ja. Yarjejeniyar da kanta ta faɗi haka. Mahaifina ma mai jinya ne a yaƙin basasa, yakan ce a tantinsu ba a tambayar addini ko ƙabila, inda ciwon yake ake tambaya.

Ustaz na Unguwar Sarki:
Tambayar tana kan hanya, kuma ba yau aka fara yin ta ba. Turkawa sun yi ta lokacin yaƙinsu da Rasha a 1877 zuwa 1878, suka koma amfani da jan jinjirin wata, aka amince da shi a hukumance a 1929. Iran ta yi amfani da jan zaki da rana har 1980. A 2005 aka ƙara wata alama mai kusurwa huɗu wadda ba ta kama da ta kowane addini. Kakanninmu a ƙarƙashin Ingila suke, abin da aka ba su shi suka ɗaura, kuma da niyyar aiki suka ɗaura ba ta bauta ba. Shi aikin kuwa muna da shi tun farko. Rufaida al-Aslamiyya ta kafa tanti a masallacin Madina tana jinyar masu rauni, kuma can aka kai Sa'ad bin Mu'az da kibiya ta same shi a yaƙin Khandaƙ. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya tambayi malaminsa, amma kada wannan ya sa wani ya ƙone kayan kakansa.

Jikar Diresa:
Na gode muku duka, na ƙaru ƙwarai. Na je na duba, akwai tambarin gammo da mashi a cikin wata tsohuwar ambulan, ban taɓa sanin ma'anarsa ba sai yau. Amma Malam mai tarawa, har yanzu tambayata tana nan. A ce na sayar maka. Kai ka san darajarsa, na yarda. Ranar da ta Allah ta kasance a kanka fa? 'Ya'yanka za su gaji takardun mutanen da ba su haɗa jini da su ba. In jikokin mai abu sun iya zubarwa, me zai hana naka? Ko su sa a intanet, wani a Landan ko Amurka ya saye, shi ke nan ya bar ƙasar har abada.

Mai Tara Takardu:
Ba na sayarwa waje, kuma ban taɓa ba. Kowace takarda da na saya ina da rajistarta: daga wane gida ta fito, wa ya sayar mini, abin da iyalin suka tuna game da mai ita. Na kuma rubuta wasiyya cewa a miƙa tarin gaba ɗaya ga cibiyar adana tarihi, kada a raba. Amma ki sani, Hajiya, tarin yana da amfanin da guda ɗaya ba ta da shi. In ka jera littafi ashirin sai ka fara gane hatimin sashe kaza, da sa hannun hafsa kaza, ka gane waɗanda suka yi aiki a tanti ɗaya. Guda ɗaya a ƙasan adaka ba za ta gaya miki wannan ba.

Malamin Tarihi:
Wannan hujja ce mai ƙarfi, amma hoto mai kyau ma zai yi maka wannan aikin ba sai ka mallaki asalin ba. Abin da na fi tsoro a harkar saye da sayarwa shi ne rarrabawa. Lambobin da Ingila ta raba na wannan yaƙi, irin su Tauraron Burma, galibi ba a rubuta suna a jikinsu ba. Takardar ce ke cewa na wane ne. Dillali kuwa ya san in ya sayar da lamba daban, ƙyalle daban, littafi daban, ya fi samun riba. Da zarar an yi haka kamar an cire wa kabari alama ne, lambar ta zama ƙarfe kawai. Duk wanda zai sayar, in ya zama dole, ya sayar a haɗe, ya riƙe hoton kowane shafi.

Kuma muna da wuraren zuwa a garin nan. Ga ofishin adana takardun tarihi na ƙasa a titin Yakubu Gowon, ga Arewa House a titin Rabah, gidan Sardauna, ga gidan tarihi na titin Ali Akilu. Mutum na iya zuwa ya nemi shawara ko da ba zai bar musu komai ba.

Ɗan Panteka:
Malam, duk wannan mai ƙoshi ne ke yin sa. Wanda yaronsa ke kwance a asibiti ba kuɗin magani, ka ce masa ya kai takardar kakansa kyauta? In akwai mai saye da mutunci, a bar talaka ya sayar.

Malamin Tarihi:
Ban ce haramun ba ne, kuma ba zan zargi wanda bukata ta sa shi ba. Cewa na yi kada ya sayar a makance.

Barista:
Abu uku da ya kamata a kiyaye, don kada sha'awa ta kai mutum caji ofis. Katin soja na wannan zamani, ko na wanda ke bakin aiki ko na wanda ya rasu kwanan nan, ba kayan tarawa ba ne. A same ka da shi a shingen bincike, da halin tsaron da ake ciki, sojan gona za a ɗauke ka kafin ka buɗe baki. Haka ɗaura ƙyallen ko manna alamar a mota ko a shagon magani ba da izini ba, doka ta hana, domin yawan amfani da ita barkatai ne ke rage mata kwarjini a inda ake bukatarta. Sannan fitar da kayan tarihi daga ƙasar nan yana ƙarƙashin dokar hukumar gidajen tarihi ta 1979, a tambaye su kafin a sa wani abu a jirgi. Wanda kuma zai miƙa wa wata cibiya, a rubuta a takarda ko kyauta ce ko aro, da sa hannun shaidu.

Maman Ilham:
Ku ƙara da wannan: masu ɗora hoton katin iyayensu a Facebook ranar tunawa da 'yan mazan jiya, 15 ga Janairu, ku riƙa rufe lambar soja da ranar haihuwa. Na yaƙin basasa da na ECOMOG da yawa masu su na raye, ko matansu na karɓar haƙƙi. 'Yan damfara na neman irin wannan.

Mai Tara Takardu:
Haka ne. Kuma tunda Hajiya ba sayarwa za ta yi ba, ga abin da zan roƙa a yi wa kayan. Kada a yi laminatin, zafi da gam suna shiga takarda kuma ba a cirewa. Kada a liƙe yagewa da salatif, bayan 'yan shekaru zai bar tabo ruwan ƙasa. Kada a ɗaure da kyauro ko robar ɗaure kuɗi. Kada a ƙulle a leda a lokacin damina, danshi zai taru fumfuna ta fito. A sa kowace takarda a tsakanin farar takarda mai tsabta, a shimfiɗe, cikin akwati a wuri mai iska nesa da bango da ƙasa, a riƙa dubawa saboda gara da kyankyaso. Ƙyallen a naɗe shi cikin farin yadi na auduga, ba wanki ba guga. In za a rubuta bayani, a rubuta da fensir a wata takarda daban. Kuma mafi muhimmanci, Hajiya, ki zaunar da mahaifiyarki ki naɗi muryarta a waya tana faɗin duk abin da ta ji daga bakinsa. In kun yarda in ɗauki hoton shafukan kawai, ni ya wadatar da ni.

Ustaz na Unguwar Sarki:
Akwai abin da ba a taɓo ba. Kayan nan gado ne. Zamansu a ɗakin mutum ɗaya bai mayar da su nasa shi kaɗai ba, sai in an raba sun faɗo a rabonsa ko sauran magada sun yafe masa. Mai sayarwa ya nemi yardar duk masu haƙƙi, mai saye ma ya tambaya, kada ya sayi rigima. Na ga zumunci ya lalace a kan abin da bai kai wannan ba. Ko bayar da hoto ne, Hajiya, ki fara sanar da manya.

Jikar Diresa:
Gaskiya ne Ustaz. Kawunmu shi ne babba yanzu, yana Zariya, kuma irin wannan magana ba ta waya ba ce, sai na je da kaina. Baba Samanja, in ya ba da izini zan fara kawo muku littafin ku duba mini shafin da hatimin yake, akwai gajerun haruffa da lambobi da ban gane ba.

Baba Samanja:
Ki zo da shi a shimfiɗe cikin babbar ambulan, kada ki ninke. Ki haɗo da takardar sallamar, a nan aka fi rubuta sashen da mutum ya yi aiki. Bayan la'asar ina gida.